Shinkafar Gulma a Shafin Malam

Ina tsakar gida ina tankaɗe ɗan kabu-kabu ya tsayar da babur, ya yi sallama a zaure, ya ce mai shagon intanet ne ya aiko shi a faɗa wa Malam an amsa masa. Malam, mijina, dawowarsa ke nan daga makaranta, yana kishingiɗe a tabarma. Ya miƙe zumbur.

"An amsa mani? Wa?"

Na ce, "Shi dai ya ce mutane sun yi rubutu ƙarƙashin naka."

Ya fita ko hula bai ɗauka ba, mutumin da ko bakin ƙofa ba ya leƙawa kai babu hula.

Hausa yake koyarwa a wata sakandare a Birnin Kebbi, muna zaune a Gwadangaji. Tun kafin a cire mana jiha daga Sakkwato yake rubuta maƙala. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san ƙirarta, don ni yake fara karanta wa: gabatarwa, bayani, kammalawa. Ya ce a maƙala ba a kawo zancen gida, kuma ba a sakin ta sai ta nuna. Sai ya yi wata yana gyara guda ɗaya, ya kai gidan waya ya aika wa jarida. Wasu a buga bayan an datse su, da yawa shiru. Waɗanda aka buga ma, ban taɓa jin wani ya ce masa ya gani ba.

Mai shagon Inyamuri ne da ya daɗe a garin, Hausarsa kamar a nan aka yanke masa cibi. Shi ya buɗe wa Malam shafin da suke kira bulog, ya ce ya rubuta ko mene ne a gwada. Malam bai je da shiri ba, sai ya rubuta abin da ya zo masa: wai maiɗakinsa ta ƙi shinkafar kasuwa, ta ce ba ta kama ƙafar gumin Innarta ba, shinkafar da take turarawa a garin Gulma.

Bayan la'asar ya dawo da takardar da aka buga masa, yana tsaye ya karanta mini. Wani mutumin Argungu da ke aiki a Ikko ya ce har ƙamshin ya ji. Wata 'yar Augie ta ce su ba haka suke jiƙo ba. Wani kuma ya ce, "Malam, kai mi kas sani ga gumi? Ba uwargida alƙalami."

Na ce, "Malam, cikin duniya kas sa ni?"

"Ban faɗi sunanki ba, Hajiya. Amma kin ji, ke suka nema, ni ɗan aike na."

Ya yi dariya har da tari. Na daɗe ban ga fuskarsa haka ba.

A ranar muka ƙulla cewa za mu bi shinkafar Inna tun daga shuka har ta zama tuwo, kowane aiki a rubuta shi a makon da aka yi shi. Damina ta kama. Ran Asabar mu shiga mota zuwa Argungu, mu ƙarasa Gulma. Yana tsaye bakin fadama ya naɗe wando, yana tambayar Inna da ƙannena, ni ina cike masa abin da suka tsallake. Litinin ya wuce shago daga makaranta. Wani lokaci wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ya dawo yana mita, gobe ya sake komawa.

Ya taɓa rubuta sunan wani iri ba daidai ba, mutane suka yi masa ca. Na zaci zai ji kunya. Washegari ya buɗe da cewa jiya ya yi kuskure, ya gode wa wanda ya fara gyara masa. Ya ce mini, "Maƙala huɗuba ta, ba a katse liman. Wanga kuwa hirar zaure ta, kowa na jefa baki." Har gardama ake yi a ƙarƙashin rubutun tsakanin mutanen da ba su san juna ba, shi yana gefe yana jin daɗi.

Shinkafa tana fitar da kai ƙafafunsa suka fara kumburi. Likita ya faɗa mana abin da ya faɗa, ciwon ba na tashi ba ne. Na ga yadda hawa kabu-kabu yake yi masa wuya, na ce, "Malam, ka san sauran. Girbi, gumi, casa, tuwo. Zauna in faɗa maka, ka rubuta shi duka lokaci guda kamar maƙalarka ta da, ka kammala abinka."

Ya ce, "Ba a yanke ta ba, Hajiya, ƙaƙa zan ce an yanke? Mutanen ga tare da mu suke jira."

Ban sake tayar da maganar ba.

Girbi ya same shi da sauran ƙarfi. Ƙanena ya kawo buhu har Gwadangaji, na yi gumin a gabansa don ya gani. Na jiƙa, na turara a babbar tukunya, tururi ya cika gidan, yana kan kujera yana tambaya yadda nake gane ta yi. Na ce sai ƙaiƙayin ya fara buɗe baki. Ya rubuta a takarda, mai shagon da kansa ya zo ya karɓa, ya dawo mana da amsoshi masu yawa. Na baza shinkafar a tabarma ta sha iska.

Allah ya yi masa rasuwa a makon, Allah ya jiƙansa. Rubutun ya tsaya a kan shanya. Casa da tuwo ba mu kai gare su ba.