Matattun da Suka Ƙi Kwanciya

Kakarmu Hajja ita ce mai wankan gawa a unguwarmu a Azare, hannunta kullum ƙamshin ganyen magarya yake yi. Bayan sallar isha'i mukan kewaye murhu, ni da ƙannena, tana gasa mana gyaɗa a toka. Tatsuniyoyinta ba iyaka, amma akwai ɗaya da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

"Ku matso, ga ta nan ta iso," in ji ta. "Wani gari ne can bayan Katagum, annoba ta cinye shi har aka rasa mai yi wa gawa wanka. To gawar da ba a wanke ba, ba ta kwanciya."

Matattun sai suka zazzauna a ƙofar gidajensu, shiru, kowa riƙe da ƙwarya ba ruwa. Masu rai biyu suka rage: wata tsohuwa da ba ta iya komai ba sai Fatiha, da wani malami da ya shiga halwa a kogon kuka. Tsohuwa ta je ta roƙe shi ya fito ya wanke mazan. Ya ce ya kusa isa ga Ubangiji, kada ta dame shi da zancen duniya.

Ta koma ta ja ruwa a rijiya, ta dafa magarya, ta wanke matan, mazan kuma ta yi musu taimama. Duk wanda ta gama da shi sai ya ajiye ƙwarya ya kwanta. Daga ƙarshe ta leƙa kogon. Ashe malam ya daɗe da mutuwa bai sani ba, yatsunsa na ta jan carbi. Ta miƙa hannu za ta yi masa taimama, ya ce, "Kul, za ki ɓata mini alwala."

"Yana nan har gobe," Hajja ta ce, tana tura mana gyaɗa. "In kun bi ta gindin kuka ku kasa kunne, za ku ji ƙas-ƙas."

Na girma ina ɗauka abin tsorata yara ne kawai, sai ranar da Hajja ta rasu. Tsakar gida cike da mata, kowacce da carbinta, ana ta salati, amma an rasa mai shiga ɗakin, don ita ta saba yi wa kowa wanka. Wallahi tsoro nake ji. Sai na hango ta a raina zaune a bakin ƙofa da ƙwarya, tana jiran mu gama salati. Na ajiye carbina, na ce wa ƙanwata, "Tsinko mini magarya, ki ɗora ruwa."