Akuyar Ketura da 'Ya'yan Gawon Ba Madu

Shekara talatin Ba Madu ya yi yana gadin gandun dajin da ke kudu da gari, kuma in ka tambaye shi babban abokin gabarsa, ba zai ce masu sare itace ba. Akuya zai ce. Ya kori awakin makiyaya har gwiwoyinsa suka gaji.

Da rikici ya rufe hanya, ya dawo unguwarsu ta Ajilari da tabarma da buta da ƙullin 'ya'yan gawo, waɗanda ya tsinto ƙarƙashin tsofaffin itatuwan da ya sani ɗaya bayan ɗaya. Labari ya zo cewa an sare su an yi gawayi. Abin da ya rage na dajin nan kaf, yana cikin ƙullin.

Sai dai shi mai gadi ne, bai taɓa shuka ko tsinke ba. Ya tara ledojin fiya-wata, ya cika su da ƙasa, ya shuka, ya yi ta bayi. Shiru. Ya sake, shiru. Saura tafi ɗaya, ya shanya a tabarma yana shawara da zuciyarsa.

Yana dawowa daga sallar La'asar ya tarar da akuyar Ketura, maƙwabciyarsa mai koyarwa a firamare, tana lashe baki a kan tabarmar, ba ko ƙwaya ɗaya da ta rage. Ya zauna a ƙasa, hawaye suka zubo masa.

"Baba, ka yi haƙuri, ka yanka ta in ka ga dama," in ji Ketura.

"Bar ta, 'yata. Nama ba zai dawo mini da daji ba."

Bayan ruwan farko da sati biyu, Ketura ta leƙo ta katanga. "Baba, zo ka ga wani tsiro a turkena. Na kusa tuge shi."

Ya durƙusa cikin kashin akuya da farar rigarsa. Ganye ƙanana, jere biyu-biyu. Gawo ne, har ashirin da bakwai. Cikin akuya ya tausasa ƙwayar da ta fi ƙarfin ruwansa.

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Yanzu ledojin, kowace da dashenta na gawo, suna jere a tsakar gidansa suna jiran ranar da hanya za ta buɗe, akuyar kuwa kullum da safe tana da dusarta daga hannunsa.

"Shekara talatin ina korarsu," yakan ce wa Ketura, "ashe su ke shuka mini dajin."