Gashi a Bakin Zani

A shekarun da aka yi fari ina sabuwar aure a Gumel, katanga ɗaya ce tsakanina da mai kitson unguwarmu. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Daga wani ƙauye ta wajen Sule Tankarkar aure ya kawo ta, da mijin ya rasu sai ta zauna a gidan da ya bari tana ci da hannunta.

Ni tun ina firamare mai yawan damuwa ce. In na kashe wutar murhu sai na koma na duba, in na yi alwala in yi ta kokwanton ko na wanke gwiwar hannu. Abin da ya fi tsorata ni a gidan kitso shi ne gashi. An raine mu a kan cewa gashin da ya zube ba a barinsa a ƙasa, don maƙiyi zai iya tsinta ya kai inda za a yi wa mutum aiki da shi. A gidan Yaya kuwa ba wadda ke damuwa. In ta gama taje kai sai ta dunƙule gashin ta jefa cikin wani tsohon tulu, in ya taru ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne. Na matar liman, na matan attajirai, nawa, duk a tulu ɗaya.

Ranar da na fara zuwa na tambaye ta ko ta tabbata za ta binne nawa.

"Ke amarya, wa zai ɓata lokacinsa a kan wannan ɗan gashin naki? Ko tsuntsu bai ishe shi sheƙa ba. Sunkuyo!"

Matan da ke jiran layi suka yi ta dariya. Ni ma na yi, amma da na koma gida sai da na leƙa ta katanga na ga tulun a rufe.

Akwai wani babban mutum a garin, mai manyan motocin da ke ɗaukar hatsi da dabbobi tsakanin Gumel da Maigatari. A shekarar yunwa mai hatsi da durƙuso ake gaishe shi. Yaya ce ke yi wa matan gidansa kitso, can ya gan ta. Sai aka fara ganin ƙaramar motarsa a bakin lungunmu da la'asar. Ta gaya mini ta kan katanga cewa aure yake nema, ya ce da an yi girbi zai aiko manya. Gero ya bushe a gona tun bai fitar da kai ba, manyan ma ba su zo ba. Motar ta daina zuwa. Daga baya Yaya ta fara ɗaura zani a sama, tana lulluɓa mayafi ko a cikin gida.

Ina wurin ranar da abin ya fara. Wata dattijuwa, ƙanwar mai unguwa, ta zo kitso. Yaya ta taje mata kai, ta dunƙule gashin za ta jefa a tulu, sai dattijuwar ta miƙo tafin hannu.

"Ba ni kayana."

"Inna, yau kuma?"

"Yau kuma. Ba ni."

Ta karɓa, ta ƙulle a bakin zaninta, ta ja ƙullin da haƙori. Wadda ta biyo bayanta ita ma ta miƙa hannu. Yaya ta ba ta nata, ta ci gaba da kitso.

Maganar ta kai zauren mai unguwa. Maigidana tela ne, yana wurin, shi ya ba ni labari. Ya ce an shimfiɗa wa mutumin darduma kusa da dattawa, Yaya kuma tana tsaye a waje bayan zana. Mutumin ya ce shi ɗauko ta kawai yake zuwa yi saboda iyalinsa, in ana so a kawo Alƙur'ani ya rantse. Dattawan suka ce, "Haba ranka ya daɗe, ai ba a kai ga haka ba." Ita ba a ma tambaye ta rantsuwa ba. Wani ya ce shaidarta ga ta nan a gabanta, ciki ne kowa na gani.

Washegari mata suka taru suka shiga gidanta neman tulun. Suka ce wadda ta iya jawo mutum kamar wannan har ƙofarta, ba da hannu kawai take aiki ba. Ina jin su ta katanga. Suka juye tulun a tsakar gida, suka tone ramin bayan ɗaki, suka cinna wa gashin wuta. Ƙaurin ya tsallako ya kama shanyata. Na sake wanke kayan, na ƙara wankewa, ina jinsa dai.

Na tambayi surukata, "Inna, shi fa? Ba a ce masa komai ba?"

"Shi namiji ne. Kuma tuwon da kika ci jiya, a motar wa dawar ta shigo garin nan? Ki iya bakinki, 'yar boko."

Daga nan kawuna suka ɗauke. Tsakar gidan da ba a rasa surutu ya koma sai kukan kurciya. Kawunta ya zo daga ƙauye ya ce ta tattara su tafi, ta roƙe shi ya bari ta haihu. Ta ce mata ne, fushinsu ba ya daɗewa, in suka zo taron suna to za su dawo kitso, in suka dawo kitso tana da abin zama. Ya ce in ba su zo ba fa? Ta ce to sai ta bi shi.

Ta haifi mace. Ana gobe suna ta kira ni ta katanga, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙanwata, kin iya ko da ɗan kitson zane ne?"

Sai a lokacin na tuna. Mai jego ba ta zaman suna da tsefaffen kai. Duk wadda ta haihu a unguwar nan Yaya ce ke zuwa har ɗaki ta yi mata, ita kuwa ba ta iya yi wa ƙeyarta.

Na tambayi maigidana. Ya daɗe yana kallon keken ɗinkinsa, don ɗinkin sallar gidan mutumin yana hannunsa. Ya ce, "Ban ce ki je ba, ban ce kar ki je ba." Wannan magana ta hana ni sukuni. Izini ne ko ba izini ba? In na fita a kan haka na yi laifi ke nan? Na koma na sake tambaya, na kuma komawa, har ya gaji ya ce, "Je ki, don Allah, amma da tsakar rana."

Na shiga lokacin da zafi ya kori kowa daga lungu. Ta zauna a tabarma tsakanin ƙafafuna, jaririyar na cinyarta.

"Raba daga goshi. A'a, wannan ai hanyar awaki kika yi. Ja sosai, ba ƙwai ba ne."

"Yaya, karkacewa fa yake yi."

"Bar shi ya yi. Gobe in suka ga kitson za su ce a kawo su gyara, kin ga hira ta ɓalle."

Ta jiƙa gero na kunu mai yawa, ta ari tabarmi daga wurina. Ta yi ta lissafo waɗanda take ganin ba za su iya ƙin zuwa ba: wadda ta yi wa kitson aure, wadda ta kwana a kanta ranar da ta yi ɓari. Da na gama, kitson ya fito a karkace. Ta shafa, ta yi murmushi. Sannan ta tattara gashin da ya zube, ta waiga inda tulun yake a da, ta miƙo mini.

"Riƙe mini wannan. Kar ki bari kowa ya gani."

Na ƙulle a bakin zanina.

Ranar suna kawunta ya raɗa wa yarinyar suna da safe, shi da wani maƙwabci tsoho. Na shiga da hantsi na zauna. Duk motsin da aka yi a ƙofa sai Yaya ta gyara ɗankwali ta ɗago kai. Akuya ce, ko iska. Kunun ya yi sanyi ya kama fata. Da la'asar ta tashi da kanta ta naɗe tabarmin, ta ce in mayar gida kar rana ta ci su.

Ranar kasuwar Maigatari suka tafi, don ranar ce ake samun abin hawa. Motocin da ke tashi nasa ne, ta ce ba za ta hau ba, sai kawun ya nemo amalanke. Ban sake ganinta ba. Wasu sun ce tana ƙauyen, wasu sun ce ta ƙetara Damagaram.

Gashin na binne shi a gindin katangar da muke magana, na ɗora dutse. Kullum da safe sai na duba dutsen.

Wata matashiyar bazawara ta fara kitso a lungun baya, mata suka koma can. Ba ta ajiye tulu ba, kowa da ƙullinta take tashi. A shekarar mutumin ya je Makka, aka tarye shi da guɗa. Bayan sallah na je kitso wurin sabuwar. Ina sunkuye, kaina a cinyarta, sai na ji mota ta tsaya a bakin lungu, an kashe inji. Na san ƙarar. Matan da ke layi suka dubi juna, sannan duk suka juya suka zuba wa mai kitson ido.