Bukkar da Yaya ya jingina da suri

Ranar Talata ce, wajen ƙarfe goma na safe, a zauren gidanmu na Haɗeja. Mu huɗu ne: ni, da Innarmu, da yayana wanda nake bi, da tsohon wanzamin gidanmu. Yaya yana kwance a tabarma, an yaye masa riga. Hannayensa sun zama kamar kara, cikinsa kuma ya taso, musamman ta hagu.

Wanzami ya danna ƙarƙashin haƙarƙarinsa da yatsu biyu. "Saifa ce," in ji shi. "Ta sauko har cibiya. Me kuke jira tun tuni?"

"Ɗan boko muke jira, Baba," in ji Yaya, yana nuna ni da haɓa. "Ya ce ƙwaya ta fi aska."

Gaskiya ya faɗa. Wata huɗu yana zazzaɓi, sau uku ina sayo masa maganin cizon sauro a kemis. Zazzaɓin yakan lafa kwana biyar ya dawo. A wurinmu kowane zafin jiki na sauro ne, kowane kumburin hagu kuma na wanzami. Da maganina ya gaza, Inna ta kira wanzami. A ranar aka yi wa Yaya tsaga ƙanana a jere, aka shafa magani. Jinin bai tsaya ba har azahar. Wannan ne ya sa muka kai shi asibiti, su kuma suka tura mu Kano.

Likitan da ya duba shi a Kano ya yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi. "Malam, da damina a ina kake kwana?"

Yaya ya ba shi labari. Kogi ya cika a daminar, ya cinye rabin shinkafarsa a fadama. Ya tare a gona don ya kare ragowar daga tsuntsaye. Busasshen wuri ɗaya ne ya rage, gindin wani tsohon suri, sai ya jingina bukkarsa da shi. Haka manomanmu suke yi, don ruwa ba ya hawa suri, kuma yana tare iska.

"Amma yana da gidan sauro," na ce. "Ni na aika masa."

"Mai magani?"

"A'a."

Likita ya ce akwai wani ɗan ƙuda da bai kai rabin sauro ba, ba ya kuka, yana yini a ramukan suri ya fito da magariba. Idon gidan sauro ƙofa ce a wurinsa. Shi yake zuba ƙwayar cutar a jini, ta zauna a saifa da hanta da ɓargo. Ya faɗi sunan cutar. Ban taɓa jin sa ba.

"Tana da magani," in ji shi, "amma babu shi a nan. Sai an nemo."

"Kwana nawa, likita?" in ji Inna.

Likita ya ci gaba da rubutu.

Muka yi mako uku ana ƙara wa Yaya jini. Tsagar wanzami ta ƙi warkewa, ta fara ruwa. Kullum da safe nakan je in tambaya, a ce mini tukuna. Wata rana da la'asar Yaya ya kira ni kusa.

"Ƙane, ka mai da ni gida. Na gaji da kallon rufin mutane."

"Yaya, maganin yana hanya."

"To ya biyo ni. Ai ya san hanyar Haɗeja."

Muka dawo da shi ranar Lahadi. Ya rasu ranar Alhamis bayan azahar. Kwana biyu bayan sadakar bakwai aka bugo mini waya daga Kano cewa maganin ya iso.

Na gaya wa maƙwabtansa na gona abin da likita ya faɗa. Sun saurara, sun yi masa addu'a. Da damina ta zagayo, kogi ya sake cika, ɗaya daga cikinsu ya gyara rufin bukkar ya tare a ciki.