Na'urar da Ɗanlami Ya Bari

A Bungudu ba wanda ya taɓa fahimtar aikin Malam Yahuza, shi kuwa ya gaji da bayani. Shekara ashirin da biyu ya yi yana buga wayar tangaraho a tashar jirgin ƙasa ta Gusau, da ɗan makullin nan na ƙarfe mai ƙwas-ƙwas. Da ya ajiye aiki sai ya koma gida, ya ɗaura doguwar waya daga itacen darbejiya zuwa kan soro, ya ci gaba da hira da mutanen nesa ta rediyo da bugun makulli. Mata suka so shanya a kan wayar, ya yi ta faɗa. Bayan rasuwar matarsa Husaina, faɗan ma ba shi da wanda zai yi wa.

Wanda ya koya masa wannan sha'awa abokin aikinsa ne, wani Inyamuri haifaffen Sabon Garin Gusau da kowa ke kira Ɗanlami. A rikicin sittin da shida, Yahuza ne ya raka shi har cikin jirgi. Ɗanlami ya bar masa ƙaramar na'urar aika saƙo da ya haɗa da hannunsa, ya ce ya riƙe masa, zai dawo. Aka yi yaƙi, aka gama, wasu suka dawo suka karɓi shagunansu. Yahuza ya rubuta wasiƙa huɗu zuwa Enugu, ba amsa. Bai yarda ya ce mutumin ya mutu ba, don ba wanda ya gaya masa haka.

A daminar saba'in da biyar tasa na'urar, babba ta sojojin Turawa, ta yi shiru. Na'ura irin wannan kashi biyu ce: akwai osileta mai haifar da sauti, akwai sashen da ke ba sautin ƙarfi ya tsallake ƙasashe. Osiletarsa ce ta mutu. Ya hau mota har Tsafe wajen Bawa mai gyaran rediyo, wanda ke tara tarkacen soja.

Bawa ya juya abin, ya taɓe baki. "Malam, wagga aba ko Kano ba ka samun ta. Ba kai ka aje ta abokinka ba? Kwance ta mana ka ɗauki abin da kaka so."

"Amana ce," in ji Yahuza. "In ya komo mi zan ce mishi?"

Wata biyu ya yi ba ya jin kowa, ba mai jin sa. Kaɗaici ya ishe shi ƙwarai, har ya riƙa buga makulli a kan tebur ba wuta. Daga ƙarshe ya samo dabarar da ba za ta ci amana ba. Ta Ɗanlami ba ta da ƙarfi, da ƙyar take kai Zariya, amma osiletarta lafiya lau. Ya jera su biyun, ya jawo gajeriyar waya daga ƙaramar ya cusa a gurbin osiletar babbar. Ko ƙusa ɗaya bai kwance ba. Karon farko ƙarfin ya yi yawa, kwalbar wutar babbar ta yi jajir, ya kashe da sauri yana salati. Ya rage, ya sake.

Ranar Asabar bayan la'asar ya danna makulli, sai ya ji wani sauti da ya sani. Ya manta na'urar Ɗanlami tana da aibu: kowane bugu sai ya fito da 'yar tsuwa a ƙarshe kamar kukan tsako. Da can sun sha tsokanarsa a kan haka. Yahuza ya ce a ransa gobe zai gyara, ya aika kira.

Amsa ta zo daga wani mutum a Fatakwal. Bai tambayi suna ba, bai bi ƙa'ida ba.

"Wane ne wannan? Na san wannan sautin. Na Gusau ne."

Yahuza ya faɗi sunansa, ya ce na'urar abokinsa Ɗanlami ce yake ajiye masa. Ya ƙara da cewa ko ya san inda yake?

Sannan mutumin ya ce shi tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne, da can duk Asabar suke hira da Ɗanlami. Sun haɗu ido da ido lokacin yaƙi, a sashen aika saƙo. Zazzaɓi ya kashe Ɗanlami a Umuahia a sittin da takwas. Da shi aka haƙa kabarin.

Yahuza ya ɗauke hannu daga makulli. Shekara bakwai ke nan yana jiran mamaci. Ya yi kuka sosai, irin wanda bai yi ba ko a tasha. Da ya natsu ya buga godiya, ya ba da haƙuri a kan sautin, ya ce zai gyara shi.

"Kada ka gyara," in ji na Fatakwal. "Ka ci gaba da bugawa. Faɗi komai."

Sai Yahuza ya fara ba shi labarin ruwan da aka yi a Bungudu shekaranjiya, da yadda gero ya yi kyau bana.