Safiyar da Sabar Asibitinmu Ta Ƙi Tashi

Ban daɗe da kama aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke Sabon Gari a Keffi ba lokacin da abin ya faru. Ni ba nas ba ce, ban kuma san komai a harkar magani ba. Aikina kula da kwamfutoci: ta wurin yankar kati, ta ofishin Likita, ta ɗakin magani, sai babbarsu da ke ajiye a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki kusa da sito, wadda muke kira saba. A cikinta rumbun bayanan marasa lafiya yake. Duk wanda ya taɓa zuwa asibitin, sunansa da ciwonsa da maganin da aka ba shi suna nan ciki, sauran kwamfutocin kuwa daga gare ta suke ɗiba.

Wanda ya haɗa ta malamina ne, shi ya koya mini kwamfuta bayan na gama sakandare, shi kuma ya kai ni wurin Likita da zai koma Abuja da aiki. Ranar da ya miƙa mini makullin ɗakin ya ce, "Ba ta da fitina. In an kunna ta, komai da kansa yake tashi." Haka kuwa na same ta. Iyakata in share mata ƙura, ƙarshen mako kuma in kwashe kwafin bayanai in adana.

Ranar awon ciki ce, cikin damina. Tun da hantsi hadari ya haɗo daga wajen Nasarawa, iska ta taso tana kaɗa rufin kwanon baranda inda mata ke zaune a kan benci. Sai aka ɗauke wuta. Akwai wani akwatin batir da ya kamata ya riƙe sabar har a tayar da janareta, amma ashe batirin ya mutu ba mu sani ba. Nan take na ji ƙarar fankar sabar ta yanke.

Da janareta ya kama na kunna ta. Fitilunta suka kawo, fanka ta juya, na ce alhamdulillahi. Ban kai ga rufe ƙofa ba sai ga mai yankar kati ta leƙo ta ce kwamfutarta tana cewa ba ta samu rumbu ba. Na kashe sabar na sake kunnawa, shiru. Na buɗe fayil ɗin da manhajar rumbun take rubuta abin da ya same ta, na karanta ƙarshensa a hankali. Abin da na fahimta shi ne wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, ta yi ƙoƙarin gyara abin da ta bari, ta ci karo da wani shafi da ya lalace, sai ta tsaya.

Ina tsaye ina kallon rubutun nan babbar nas ɗinmu ta shigo. Mace ce mai shekaru, 'yar ƙabilar Eggon, kowa Mama yake ce mata, har Likita. Hausarta tana da wani ɗan lanƙwasa mai daɗi, kuma ban taɓa ganin ta cikin gaggawa ba sai ranar.

"Ɗiyata, yaushe abin nan zai tashi?"

"Ina kai, Mama."

"Masu awo ba su dame ni ba, zan rubuta nasu a takarda. Akwai wata da aka kawo daga Jigwada, mai tsohon ciki, zazzaɓi kamar wuta. Ta zo farkon makon nan aka yi mata allura, jikinta ya kumbura har numfashi ya so ya gagare ta. Ni ba na nan ranar. Likitan da ya duba ta na aro ne, wayarsa a kashe. Ita kuma ba ta san sunan allurar ba, katinta ma yana gida. Likita yana so ya san wace ce kafin ya ba ta komai."

Na ce a raina, ga kwafin ƙarshen mako. Sai na tuna matar bayan an ɗauki kwafin ta zo. Abin da ake nema ba ya ko'ina sai cikin wannan rumbun da ya ƙi buɗuwa.

Na kira Malam. Yana cikin mota a cunkoson Mararaba, ina jin hon da ihun kwandasta a bayansa. Na karanta masa abin da fayil ɗin ya ce.

"Nutsu," ya ce. "Kada ki sake kashe ta ki kunna. Kafin ki taɓa komai, kwafe jakar bayanan gaba ɗaya zuwa wani faifai. In kin ɓata, mu samu inda za mu koma."

"Malam, akwai mara lafiya tana jira."

"Na ji. Kwafe tukuna."

Ban taɓa ganin kwafi mai nauyin jiki irin na ranar ba. Ruwa ya sauko, yana dukan kwano har ba na jin janareta, sai na riƙa leƙawa ta taga in tabbatar bai mutu ba. Ɗakin ba iska, gumi yana bin bayana cikin hijabi. Likita ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa cikin aljihun farar riga. Mutum ne marar yawan magana. Ya ce ya sa mata ruwa, ana kuma goga mata tsumma mai sanyi, zai iya ɗan jira amma ba da yawa ba. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi.

Da kwafin ya ƙare na sake kiran Malam. Ya ce yau ba za mu bar manhajar ta tashi da kanta ba, ni zan tashe ta da hannu daga baƙin allon da ake rubuta umarni. Zan rubuta sunanta, sannan in jera mata sharuɗɗa a gaba, kowane sharaɗi yana farawa da 'yan gajerun layuka biyu. Na taɓa ganin yana yi, amma ni ban taɓa yi a kan abin da rayuwar mutum ta rataya a kai ba.

"Na farko, ki ce mata ta manta da fayil ɗin saitinta na kullum, abin da kika rubuta kawai za ta bi. Na biyu, karatu kawai, ba rubutu. Na uku, ki rufe mata ƙofa, kada sauran kwamfutoci su shigo. Sai ki…" Muryarsa ta yanke, ta dawo a tsinke. "…sannan matakin ceto. Ki fara da ɗaya. In ta ƙi, biyu. In ta ƙi, uku. Kada ki wuce uku ba ni a wurin, daga nan sama tana iya cinye abin da ba zai dawo ba. Kin ji ni?"

"Na ji, Malam."

Wayar ta katse.

Na rubuta da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, ina karantawa a fili kamar mai koyon baƙi. Na yi bisimilla na danna. Rubutu ya gudu a allon, sai ga layin da nake nema: ta shirya. Tashi ɗaya! Har na ɗaga murya na ce, "Mama, ta tashi!"

Na shiga rumbun na ce ya nuna mini abin da ke ciki. Babu jerin marasa lafiya. Babu na magani, babu na awo, babu na haihuwa. Sai 'yan abubuwan da manhajar take zuwa da su tun tana sabuwa. Na sake tambaya, amsa ɗaya. Na zauna a kan kwalin ruwan allura da ke gefe. Abin da ya zo mini shi ne na goge komai, shekarun aikin asibitin gaba ɗaya, da hannuna. Ko kwafin da na yi ɗazu ban tuna da shi ba.

Mama ta iso da saurinta, ta kalli allon ta kalle ni. Ba ta san abin da rubutun yake nufi ba, amma fuskata ta gaya mata.

"Ya tafi?"

"Ban sani ba, Mama."

Ta dafa kafaɗata, hannunta yana warin sabulun asibiti. "To, tun da ba ki sani ba, ba ki da dalilin kuka tukuna. Duba kuma."

Na kira Malam, wayar ba ta shiga. Na sake, ba ta shiga. Sai na koma kan layin da na rubuta, na ɗora yatsa a allon ina bin sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. Na farkon ne ya tsayar da ni. Na ce mata ta manta da fayil ɗin saiti. To ai a cikin fayil ɗin nan ne aka gaya mata inda bayananmu suke, domin Malam a faifai na biyu ya ajiye su. Tun da na hana ta karanta shi, ban kuma nuna mata wani wuri ba, sai ta nufi inda ta saba tun daga masana'anta, ta tarar da ɗaki fanko ta buɗe mini. Wannan ne sharaɗin da Malam ya faɗa lokacin da muryarsa ta yanke.

Na tsayar da ita a hankali, na ƙara sharaɗin da ke nuna mata jakar bayanai, na duba hanyar har sai da idona ya yi yaji. Na danna. Wannan karon ta daɗe tana karatu, sannan ta kawo ƙorafin lalataccen shafin nan, ta mutu. Abin mamaki, daɗi na ji, domin ƙorafin ya nuna mini ta ga bayananmu, suna nan.

Na mai da matakin ceto biyu. Ta yi nisa fiye da ɗazu, ta sake mutuwa.

Saura uku, kuma bayansa ba ni da izinin komai. Daga baranda ina jin kukan wani jariri da muryar mai yankar kati tana ba mata haƙuri da gurɓataccen Turanci. Na goge tafin hannuna a zane, na share biyu na sa uku. Na daɗe yatsana yana kan madannin ban danna ba, har Mama ta ce, "Danna mana, ɗiyata, Ubangiji yana nan."

Na danna. Layi ya fito, ya tsaya. Wani ya fito, ya tsaya. Sai allon ya yi shiru, ɗan farin ɗigon nan kawai yake ƙiftawa. Ban san ko aiki take yi ko ta sandare ba, ban kuma isa in taɓa ta ba. Duk addu'ar da na sani na karanta. Can sai ga layin: ta shirya.

Wannan karon ban yi ihu ba. Na shiga na tambaya, sai ga jerin marasa lafiya, ga na magani, ga na awo. Tun da na rufe ƙofar sauran kwamfutoci, dole a nan ɗakin za a duba. Mama ta faɗi sunan matar da unguwarsu, na rubuta tambayar da hannu. Bayananta suka fito a cakuɗe, fari a kan baƙi, ba irin tsararren shafin da suka saba gani ba. Mama ta sa tabarau ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa allon. Ta sami sunan allurar, ta maimaita shi a bakinta, ta ce, "Mun gode wa Ubangiji," ta fita da gudu-gudu. Daga baya Likita ya gaya mini allurar tana cikin magunguna biyu da yake zargi, ya ba ta wani daban.

Aikina bai ƙare a nan ba. Da wayar Malam ta shiga, ya ce kada in kuskura in bar ta tana aiki a matakin ceto, wannan na fitar da kaya ne kawai daga gidan da ya tsage. Na kwashe bayanan duka zuwa fayil ɗaya, na kafa sabon rumbu, na zuba su ciki. Asibiti ya wuni yana aiki da biro da takarda. Abin da aka shigar da safiyar nan kafin ɗauke wuta bai dawo ba, sai da muka bi matan ɗaya-ɗaya muna sake tambayarsu. Wasu sun yi tsaki, wata ta ce ita da ma ba ta yarda da kwamfuta ba. Matar Jigwada kuwa zazzaɓinta ya sauka kafin la'asar, ta kwana biyu aka sallame ta.

Da yamma na hau keke zuwa cikin gari, titi duk taɓo. Na tarar Inna ta yi tuwon masara da miyar kuɓewa, na zauna gabansa na kasa ci. Baba yana kan tabarma a ƙofar ɗakinsa yana gyara rediyo, ya ɗago ya dube ni.

"Lafiya? Ko wani ne ya rasu a wurin naku?"

"Babu wanda ya rasu, Baba. Kwamfuta ce ta ƙi tashi."

"Ta tashi dai?"

"Ta tashi."

"To, madalla. Ci abincinki kada ya huce."

Inna ta turo mini kofin ruwa, na sha, na gutsuri tuwon.