Telan da muka buge a hanyar Kebbe

Mun tashi da asuba daga Tambuwal, ana idar da salla muka shiga mota, ni da maiɗakina da yayana, shi ke tuƙi. Ƙanwarmu da ke aure a Kebbe ce ta haifi tagwaye, ranar kuma suna. Bayan motar cike yake da shinkafa da turamen atamfa, ga kwanon ƙosai da maiɗakina ta ce na hanya ne, amma ta rungume shi kamar da shi za a yi sunan.

Mun tsaya shan mai a bakin gari. Yaya ya yi ta mita kan tsada, yana tuna mana labarin Baba na shekarun da arzikin mai ya yi ambaliya, wai da canjin aljihu ake cika tanki. Wurin mai shayi ma burodin ya rame, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba.

Hanyar ta saba da wahalar da mutane: kwalta nan, rami can. Amma akwai abin kallo. An girbe gero, dawa na tsaye ta sunkuyar da kai, amalanken shanu na jan dammuna, matan Fulani sun jero da ƙoren nono.

Yaya ɗan kasuwar albasa ne, kuma motar kayansa ta isa Kudu a ranar. Tun da muka fito wayarsa ke kan cinyarsa, saƙo na shigowa, yana amsawa da hannu ɗaya. Na ce masa ya kawo in rubuta masa.

"Bari kawai," ya ce, "tun kana goye nika bin hanyar ga."

Na ƙyale shi. Babba ne.

Mun kusa Kebbe sai ga mai babur a gabanmu, ya ɗaure babbar jaka a baya, yana tafiya a gefensa. Na gan shi, maiɗakina ta gan shi. Wanda ke riƙe da sitiyari ne kaɗai bai gan shi ba. Motar ta riƙa zamewa gefe a hankali. Kafin in gama kiran sunan Yaya, mun riga mun hau shi.

Ƙarar nan har yau tana kunnena. Da muka fito, babur na ƙarƙashin mota, ƙafar mutumin ta dama a matse tsakanin ƙarafa. Jakar ta fashe, sababbin kaftani da rigunan yara sun watse a ƙasa, wasu ko zaren jikinsu ba a gama tsinkewa ba. Manoma suka sheƙo daga gona, aka ɗaga motar, aka jawo shi. Bai suma ba. Yana ta salati, sannan ya ɗaga ido ya dubi Yaya.

"Alhaji, ai na kauce maka. Har cikin ciyawa na shiga."



Maiɗakina ta cire mayafinta aka ɗaure ƙafar, muka kwantar da shi a kujerar baya, na karɓi tuƙi. A hanya muka ji cewa tela ne daga wani ƙauye, ɗinkin mutane zai kai Kebbe. Ma'aikatan asibitin Kebbe suka tsayar da jinin, suka ce ƙashin ya ragargaje, sai Sakkwato. Maiɗakina ta wuce gidan suna ita kaɗai. Ni sunayen tagwayen a waya na ji su, ina tsaye a barandar asibiti.

A Sakkwato likitoci suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Kekensa na ɗinki kuwa na ƙafa ne, da shi yake ciyar da mata da yara da tsohuwarsa. Mahaifinsa ya riga ya rasu, baffansa ne ya zo, dattijo mai sanyin magana. Ya ce haka Allah Ya ƙaddara, sun yafe. Yaya ya durƙusa a gabansa yana hawaye, ya ce a'a, Baba, waya nike dannawa. Daga baya na ga saƙon: tambaya ce ko an fara sauke kaya, abin da zai iya jira har la'asar.

Yaya ya ɗauki nauyin jinya, ya ce zai saya wa telan keken ɗinki na lantarki. Aka gaya masa ƙauyen babu wuta.

Motarmu na hannun 'yan sanda, don haka a motar haya muka komo Tambuwal. Yaya na zaune a gefena. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, sanin hanya ba ya hana haɗari in ido ba ya kanta, kuma kunyar babba ba hujja ba ce in rai na cikin hatsari. Mun wuce Dogon Daji kenan direbanmu ya zaro waya ya fara dannawa. Dattijo ne, ya isa ya haife ni. Na taɓa kafaɗarsa.

"Baba direba, ko ka aje wayar ga, ko ka aje ni nan."

Ya juyo zai yi faɗa, sai ya ga fuskar Yaya. Ya mayar da wayar aljihu.